Waiwaye: Korona Ta Tarar da Likitocin Kunne da Maƙogwaro a Gajiye

Duk sanda maganar ficewar likitoci zuwa ƙasashen waje ta taso, a rediyo ko a majalisar hira, mutane kan kasu biyu. Wasu su ce kwaɗayin dala da riyal ne, wasu su ce korona ce ta karya musu gwiwa. Muhawarar ta ƙara zafi a 2023, da aka kai Majalisar Wakilai wani ƙudiri mai neman likita ya yi aikin shekara biyar a gida kafin ya sami cikakken lasisi. Sai dai in ana batun likitocin kunne, hanci da maƙogwaro a Bauchi, duk wanda ya fara labarin gajiyarsu daga 2020, daga tsakiya ya kama shi.

Gajiyar da ake magana a kanta ba irin wadda barcin dare ɗaya ke korewa ba ce. Tun 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya bayyana ta, daga baya wata masaniyar fannin, Christina Maslach, ta fito da alamominta uku: ƙarfin zuciya ya ƙare, likita ya daina jin tausayin majinyaci yadda ya saba, kuma ya fara ganin aikinsa ba ya tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa matsala ce da yanayin aiki ke haifarwa.

Farkon labarin sananne ne. Masu wannan fanni ba su taɓa yawa a Arewa ba. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum sama da 100,000, ta kashe fiye da 11,000, ta bar yara da dama ba sa ji. A 1999 aka kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Da rikicin Arewa maso Gabas ya tsananta, 'yan gudun hijira daga Borno da Yobe suka ƙaru a layukan asibitocin Bauchi da Gombe.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne zazzaɓin Lassa, kuma a ganina nan ne al'amarin ya sauya.

Cutar ta samo sunanta daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka gano ta a 1969, amma daga 2018 ne ta riƙa dawowa da ƙarfi kowace shekara. Bauchi ta shiga sahun gaba tare da Ondo da Edo a yawan masu kamuwa. Lokacinta kuwa rani ne, daga sanyin hunturu zuwa bazara, daidai lokacin da ƙura ke cika asibiti da masu mura da ciwon wuya. A nan gizo ke saƙar, domin ciwon maƙogwaro na cikin alamomin Lassa na farko. Mutum zai taso daga Toro ko Kirfi a jihar Bauchi da zazzaɓi da zafin haɗiya, ya sha maganin maleriya daga kemis bai ji sauƙi ba, sai a ce masa ya je wajen likitan maƙogwaro. Likita zai kunna fitilar goshi, ya matso har numfashinsu na haɗuwa, ya ce, "Baba, buɗe baki, ka ce aa." Ya danne harshe da ɗan katako, Baba ya yi tari. Sai bayan kwanaki sakamakon gwaji ya fito, likita ya shiga ƙirga kwana 21, yana auna zafin jikinsa safe da yamma, yana kaffa-kaffa da ɗaukar 'ya'yansa.

Wanda ya warke ma sau da yawa wajen wannan likitan zai komo. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga Lassa kan sami matsalar ji, wasu ya dawo musu kaɗan bayan wata ɗaya zuwa uku, wasu kuma shi ke nan. 'Yan uwa su tambaya, "Likita, ba wata allura?" Amsar ita ce na'urar ƙara ji, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin manomi. Likitan da ke faɗin wannan magana mako bayan mako, ba sai an gaya maka abin da take yi wa zuciyarsa ba.

A 2020 an tabbatar da masu Lassa sama da 1,000 a ƙasar, mafi yawansu a watannin farko. Ana cikin haka korona ta shigo Legas ranar 27 ga Fabrairu. Labaran waje ba su kwantar da hankali ba: Liang Wudong, cikin likitocin farko da cutar ta kashe a Wuhan, likitan kunne da maƙogwaro ne, haka ma Amged El-Hawrani, ɗan asalin Sudan da ya rasu a Ingila a watan Maris. Dalili a fili yake, hanci da maƙogwaro ne mazaunin ƙwayar cutar. Leƙa hanci da bututu mai kyamara, ko huda wuya don sa bututun numfashi, duk suna watsa ta cikin iska.

Aka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. Amma yaron da ya cusa gyaɗa a hanci, ko ya haɗiye batirin agogo, bai san kullen korona ba. Wasu iyaye da suka ji tsoron asibiti suka koma wajen wanzami a cire beli, aka dawo da wasu yaran jini na zuba. Da aka buɗe gari, masu ƙari a wuya da aka ce su jira suka dawo ciwo ya yi nisa.

A watan Agustan 2020 Birtaniya ta buɗe biza ta musamman ga ma'aikatan lafiya. Wasu suka tafi, kwanan asibitinsu ya koma kan waɗanda suka rage. Kafin a sami madadin ƙwararre guda, sai ɗalibi ya yi shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, ɗaya ta hidimar ƙasa, sannan aƙalla biyar na ƙwarewa a fannin.