Idon ɗan Adam: Me ake jayayya a kai?

Me ya sa ido ne kullum ake kawowa a muhawarar ko tsara halittu aka yi, ko kuwa sun samu ne sannu a hankali ta hanyar juyin halitta?

Saboda abin mamaki ne. A bayan ƙwayar ido akwai wata siririyar shimfiɗa da ake kira retina, mai ɗauke da ƙwayoyin karɓar haske sama da miliyan 100. A 1802 malamin coci William Paley na Ingila ya ce wanda ya tsinci agogo a daji ya san akwai maƙerinsa, to haka ido yake. Shi kansa Charles Darwin ya amsa a 1859 cewa da farko hankali ba ya ɗaukar a ce ido ya samu sannu a hankali. Sai dai masu kawo wannan magana tasa sukan tsaya a nan, alhali ya ci gaba da bayanin yadda hakan zai yiwu. Wannan yanke magana ba adalci ba ne.

To mene ne amfanin rabin ido?

Tambayi mai yanar ido da ke iya bambance dare da rana kawai, ka ji ko zai yarda a raba shi da wannan ɗan abin. Masana juyin halitta suna nuna matakan a jikin dabbobin da ke raye yau: wata tsutsar ruwa mai ɗan gurbi da ke gane inda haske ya fito, sai notilus, dangin dodon koɗi na teku, mai ido da ɗan rami ba madubin tattara haske, sai irin namu. A 1994 masana Nilsson da Pelger na Jami'ar Lund a Suwidin sun ƙiyasta cewa tafiyar daga matakin farko zuwa cikakken ido ba za ta kai shekara rabin miliyan ba. Lissafi ne, ba gani da ido ba, kuma a nan masu suka suke kama su.

Da gaske ne akwai aibu a tsarin ido?

Gwada da kanka. Zana ɗigo biyu a takarda, tazarar tsawon yatsa. Rufe idon hagu, ka kafa na dama a kan ɗigon hagu, ka riƙa matso da takardar. Ɗigon dama zai ɓace ɓat! Wurin da jijiyar gani ta huda retina ke nan, domin jijiyoyinmu a gaban ƙwayoyin karɓar haske suke. Oktofus, dabbar teku mai hannuwa takwas, ba ta da wannan makahon gurbi. Wasu suka ce ai ga shaidar babu mai tsarawa.

A ganina sun yi gaggawa. Wannan tsarin na jijiyoyi a gaba ne ya sa ƙwayoyin karɓar haske suke manne da shimfiɗar da ke ciyar da su, kuma binciken 2007 a Jamus ya nuna wasu ƙwayoyin retina da ake kira Müller suna ratsar da haske zuwa gare su.

Dole ne mai imani ya ƙi bayanin kimiyya?

Malamai sun sha bamban, musamman kan asalin Annabi Adamu. Amma ayar Suratul Balad da ke tuna wa mutum ni'imar idanu biyu tana magana ne a kan Wanda ya bayar. Ɗakin gwaji kuwa hanyar samuwa yake bincike. Ibnul Haisam, wanda ya tabbatar a Alƙahira kusan shekara 1000 da suka wuce cewa haske shiga ido yake yi ba fita ba, Musulmi ne, kuma da gwaji ya kafa hujjarsa.