Ninkin Babbar Lamba

Ninkin lamba shi ne adadin da ake samu idan aka maimaita cikakkiyar lamba sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har yadda ƙirga ta kai, domin jerin ba shi da iyaka. Alamar da ake gane shi da ita ɗaya ce: idan aka raba shi da lambar asali, babu abin da zai saura. Ninkin ƙananan lambobi a firamare ake haddace shi, galibi har zuwa 12 sau 12, amma babbar lamba kamar 4,750 ba ta haddatuwa, gina ninkinta ake yi daga abin da aka riga aka sani.

Jerin ninkin 4,750 yana farawa da 4,750, sai 9,500, sai 14,250, sai 19,000, sai 23,750, kuma tazarar da ke tsakanin kowane biyu ita ce lambar kanta. Wanda ya lura da lambobi uku na ƙarshe zai ga suna zagayawa, 750, 500, 250, 000, sannan su dawo farko a ninki na biyar, abin da ke ba ɗalibi damar gane kuskure da kallo ɗaya. Haka kuma, tunda 4,750 ta samu ne daga 2 sau 125 sau 19, duk ninkinta dole ne ya rabu da 19.

Hanyar da makarantu suka fi koyarwa ita ce a warware lamba gida-gida. Mai neman 4,750 sau 7 zai ɗauki 4,000 sau 7 ya sami 28,000, ya ɗauki 700 sau 7 ya sami 4,900, ya ɗauki 50 sau 7 ya sami 350, ya haɗa su zuwa 33,250. A kasuwa kuwa cikawa aka fi yi. A ce wani ɗan kasuwa a Mile 12 da ke Legas, inda Hausawa ke sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa, ya sayar da kwando bakwai a kan naira 4,750 kowanne: zai ɗauke su a 5,000, wato 35,000, sannan ya cire 250 sau 7, wato 1,750, ya tsaya a kan 33,250 ba tare da ya taɓa biro ba. Wannan hanya ta fi sauri ga ƙwaƙwalwa, kuma ya dace malamai su ba ta muhimmanci fiye da yadda ake yi, musamman ga yaran unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas da suka tashi suna jin irin wannan lissafi a bakin iyayensu.

Akwai kuma hanyar ruɓanyawa, wadda ta fi su daɗewa, domin tana cikin takardar lissafi ta Rhind da aka rubuta a tsohuwar Masar wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ana ruɓanya lambar a sami 9,500, a sake a sami 19,000, a sake a sami 38,000, wato sau 2 da sau 4 da sau 8. Idan ana neman 4,750 sau 13, tunda 13 ita ce 8 da 4 da 1, sai a tara 38,000 da 19,000 da 4,750, jimla 61,750.

Ƙirga da manyan dunƙule ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A zamanin wuri, Bahaushe yana kiran 20,000 keso, Bayarabe kuma yana ce mata oke, sai a riƙa cewa keso biyu, keso biyar, kamar yadda a yau ake ƙirga bandir na takardar naira 1,000, wadda ta fara aiki a 2005, kowane bandir guda 100.

Ana tantance amsa da gwajin tara (9), misali amsar 4,750 sau 13. A tara alƙaluman 4,750 a sami 16, a sake tarawa a sami 7; na 13 kuma su ba da 4; 7 sau 4 ya zama 28, wanda ke komawa 10, sannan 1. Alƙaluman 61,750 sun ba da 19, sannan 10, sannan 1, don haka sun dace. Sai dai gwajin ba ya kama wanda ya musanya wurin alƙaluma biyu ko ya manta da sifili, shi ya sa ake haɗa shi da ƙiyasi: 13 sau 5,000 ya kai 65,000, saboda haka amsar da ta fito 6,175 ta yi nesa ƙwarai.