Ku karɓi yaron na awa biyu, uwarsa ta huta

Uwar yaro mai galahanga, ko wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu wajen haihuwa, ba ta da ranar hutu. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ko wanka za ta yi sai ta kasa kunne kada ya buɗe ƙofar gida ya fice. Idan ta zo asibiti kowa jikin yaron yake tambaya, alhali ita ce ta daɗe rabonta da barcin kirki.

A Ingila, tun 2011 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar wa irin waɗannan iyaye gajeren hutu, inda wani horarre ke kula da yaron na 'yan awowi ko na kwana. Mu nan abin da ke hannunmu shi ne kaka, gwaggo, inna da maƙwabciya. Don haka da ku nake, 'yan uwa. "Sai haƙuri" da "Allah Ya ba da lada" addu'a ce mai kyau, amma a haɗa da karɓar yaron awa biyu duk mako, a rana ɗaya tsayayya.

Sai dai a yi shi da shiri. Zuwan farko ki zauna tare da uwar, yaron ya saba da fuskarki da muryarki. Ki tambaye ta abin da yake ci, da yadda yake nuna ƙishirwa ko fitsari idan ba ya magana, da abin da ke firgita shi. Wasu ƙarar janareta ko injin markaɗe kaɗai ke sa su toshe kunne su yi ta ihu. Gara ki zo gidansu, domin sauyin wuri na rikita su. A rufe rijiya, a ɗauke kananzir da magunguna. Ba duka, ba ɗaurewa. Idan yana da farfaɗiya, ki san lokacin maganinsa. In ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. Ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Maigida, wannan aikinka ne kafin na kowa. Idan ka ga uwar tana yawan kuka, ba ta iya barci ko da ta samu dama, ko ta fara cewa ta gaji da rayuwa, kai ta wurin likita a makon nan. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa da ke Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a jihar Sakkwato.