Waiwaye: Polly Farmer da batun bugun kai a ƙwallon Ostareliya

Tun daga 2023, lokacin da tsofaffin 'yan wasa suka garzaya kotu neman diyya, batun bugun kai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ƙwallon Ostareliya, wasan nan da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 18 a kowane ɓangare. Wasu na ganin kamar jiya aka fara zancen. Ba haka ba ne.

An san labarin Danny Frawley, tsohon kyaftin ɗin ƙungiyar St Kilda wanda ya horar da ƙungiyar Richmond daga 2000 zuwa 2004, da na Shane Tuck, tsohon ɗan wasan Richmond. Duka biyun an gano cutar CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan bugun kai, a ƙwaƙwalwarsu bayan mutuwarsu. A 2021 aka kafa dokar hutun kwana 12 ga wanda kansa ya bugu.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne shawarar da iyalin Graham Farmer, wanda ake kira Polly, suka yanke. Farmer ɗan asalin ƙabilar Noongar ne, a gidan renon yara ya tashi a Perth. Ya buga wa ƙungiyoyin East Perth, Geelong da West Perth, ya ci kofi da Geelong a 1963, ya sake ci da West Perth a 1969 da 1971 yana kyaftin kuma koci. Aikinsa a fili shi ne tsalle a tsakiya don ƙwato ƙwallo, inda gwiwa da gwiwar hannu da kai ke haɗuwa sau da dama a wasa ɗaya. A 1999 likitoci suka ce cutar mantuwa ta kama shi, kuma shekara ashirin ana kallon abin a matsayin larurar tsufa kawai. Da ya rasu a 2019, iyalinsa suka ba da ƙwaƙwalwarsa ga ma'ajiyar bincike da aka buɗe a Sidni a 2018. Ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, domin CTE ba a tabbatar da ita sai bayan mutuwa. A farkon 2020 aka bayyana cewa shi ne ɗan wasan farko a wannan ƙwallo da aka same shi da ita.

A zamaninsa, wanda ya sume ya farfaɗo ya koma fili shi ake yi wa tafi a kira shi jarumi. A ganina nan tushen yake, kuma har yau a wasannin ƙauyuka akwai yaran da ke ɓoye jiri don kada a ce musu ragwaye.