BIOS da UEFI: Saitin Tashin Kwamfuta da Sake Ɗora Windows

BIOS ƙaramar manhaja ce da ke zaune a wani ɗan cip a jikin babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod. Da zarar an danna maɓallin kunnawa ita ce ke fara aiki: ta duba RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, da madannai da sikirin, sannan ta nemo inda Windows ko Linux yake ta miƙa masa ragama. Gary Kildall ne ya fara amfani da sunan a 1975 a tsarin sarrafa kwamfuta na CP/M, kuma ta yaɗu da fitowar kwamfutar IBM a 1981. UEFI, wadda ta samo asali daga kamfanin Intel, ita ta gaje ta. Kwamfutocin da aka ƙera tun fitowar Windows 8 a 2012 galibi UEFI ke cikinsu, duk da cewa baki ya riga ya saba da kiranta BIOS.

Shiga cikin saiti

Ana ta danna maɓalli ne tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. A Dell da Acer F2 ne, a HP F10, a ThinkPad F1, a yawancin kwamfutocin tebur kuma Del. Jerin zaɓen abin da za a tashi da shi yana kan F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP.

Abin da ke hana tashi

Sau da yawa kwamfutar da aka yi wa fomatin ba ta buƙace shi ba, an dai yi asarar fayiloli a banza. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne batirin CMOS, ɗan zagayayye mai lamba CR2032 da ƙarfin bolt 3, wanda ke riƙe agogo ko an zare wuta. In ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗuwa saboda takardun tsaronsu ba su dace da agogon ba, saiti kuma ya koma na kamfani. Wannan ya zama ruwan dare a kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda suka jima a ajiye.

In sikirin ya nuna "No bootable device", a duba ko sunan had-dis ko SSD, wato dis ɗin ajiyar kwamfutar, ya bayyana a BIOS. In ya bayyana, gyara jerin tashi kan wadatar. In bai bayyana ba, ko ya sassauta daga mazauninsa ko ya mutu, kuma ɗora sabon Windows ba zai yi magani ba. Shuɗin sikirin mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE yakan biyo bayan sauya yanayin SATA, wato saitin BIOS na yadda dis ke haɗuwa da madabod, tsakanin AHCI da RAID. A mai da shi yadda yake lokacin da aka ɗora Windows.

Sake ɗorawa

A fara kwashe fayiloli. Ko Windows ya ƙi tashi, filashin da ke ɗauke da Linux zai iya buɗe dis ɗin. In an kulle shi da BitLocker, wato makullin dis na Windows, sai an nemo mabuɗinsa mai lambobi 48 daga asusun Microsoft, kuma taɓa saitin tsaro na Secure Boot ko cip ɗin tsaro na TPM kaɗai na iya sa a tambaye shi.

Ana shirya filashi mai 8GB ko fiye da manhajar Media Creation Tool ko ta Rufus, aikin da zai goge duk abin da ke cikin filashin. A nan ne mutane suka fi tuntuɓe, domin tsarin rabon dis iri biyu ne. MBR na tsohuwar BIOS ne, ba ya wuce 2TB da manyan ɓangarori 4. GPT na UEFI ne, Windows na ba shi ɓangarori har 128. In an tashi filashi a yanayin UEFI alhali dis ɗin kwamfutar MBR ne, za a ga saƙon cewa ba za a iya ɗora Windows a kansa ba. Sai a danna Shift da F10, a rubuta diskpart, sannan list disk, select disk 0, clean, convert gpt. Umarnin clean ba ya tambaya kafin ya share dis ɗin kaf, don haka a tabbatar da lambarsa ta hanyar duba girmansa.

A wasu laftof masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama, dis ba ya bayyana ko kaɗan sai an ɗora direban Intel RST daga filashi ko an kashe saitin VMD a BIOS. Lasisin Windows da kamfani ya saka kuwa yana cikin UEFI, yana dawowa da kansa in an ɗora nau'in da ya zo da ita, Home ko Pro.

Windows 11, wanda ya fito a 5 ga Oktoba 2021, yana buƙatar UEFI, TPM 2.0, RAM 4GB da wurin ajiya 64GB. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025. Sabunta BIOS kanta kuwa ba a yin sa sai laftof na da cikakken caji, ko kwamfutar tebur na kan UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin madabod ba ya tashi sai an sake rubuta cip ɗin da na'ura ta musamman.