Dokar babur ɗin ruwa da tutocin bakin teku: abin da mai zuwa hutu ya kamata ya gane

Mutum zai je hutu bakin teku, ya fito daga otal ya ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, sai ya ɗauka ai wannan fili ne marar mai shi, kowa ya shiga ya yi abin da ya ga dama. To ba haka ba ne fa. Ruwan nan da ke gaban yashi an raba shi kamar yadda ake raba titi, akwai ɓangaren masu iyo, akwai hanyar masu inji, akwai inda aka ƙayyade gudu, kuma da zarar ka hau babur ɗin ruwa, wanda aka fi sani da Jet Ski (asalinsa sunan samfurin kamfanin Kawasaki ne ya bi sauran), a ƙasashe da yawa doka ta daina kallonka a matsayin baƙo mai shaƙatawa, ta koma kallonka a matsayin direban jirgi.

Bari mu fara da rabon ruwan, don nan ne ginshiƙin maganar. A Faransa duk abin da ke cikin mita 300 daga gaɓa yanki ne na musamman, ba a gudu a cikinsa fiye da not 5 (not shi ne ma'aunin gudu a ruwa), wato kusan kilomita 9 a awa, tafiyar da mai keke ma zai wuce ka. Sukan jera wasu ƙwallaye rawaya a saman ruwa su nuna iyakar, sannan su buɗe wata siririyar hanya da masu inji za su bi su fita su dawo. A Sifaniya kuma, inda ba a sa alamar komai ba, doka ta ce mita 200 daga bakin yashi na masu wanka ne, mita 50 a sauran gaɓar da ba yashi ba, gudu kuma kada ya wuce not 3. Lambobin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa amma dalilin ɗaya ne: mai iyo kansa kawai ke fitowa saman ruwa, idan igiyar ruwa ta ɗan tashi ma kan ya ɓace, kai kuma kana tafe a guje rana na haska maka ido, kafin ka gan shi ka riga ka iso kansa.

Ga kuma wani abu da sabon hawa bai sani ba, shi ya sa nake ganin dokar gudun nan ba takura ba ce ko kaɗan. Babur ɗin ruwa da ruwan da yake fesowa ta baya yake juyawa. Idan ka tsorata ka saki totur, feshin ya tsaya, to a yawancin tsofaffin samfura ko ka murɗa kan babur ɗin iya ƙarfinka ba zai juya ba, zai ci gaba da sulalawa ya nufi abin da kake gudu. Sababbi an ɗan gyara musu wannan, wasu har da birki, amma dai ruwa ba kwalta ba ne, ba a tsayawa cak.

Idan ka fita can ciki kuma akwai dokar da ta haɗa kowa, ta hana karo a teku, wadda aka amince da ita a Landan a 1972 ta fara aiki a 1977, hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke kula da ita. Doguwa ce amma abin da ya shafe ka bai da yawa. In kun yi gaba da gaba da wani, kowa ya karkata dama. In kuna giftawa, wanda ya ga ɗan'uwansa a hannun damansa shi zai ba da hanya. Mai son wucewa ta baya shi ke da alhakin kaucewa. Mai inji shi ke kauce wa jirgin da iska ke turawa. Sannan dole idonka ya kasance a kan ruwa ko da yaushe, wannan ma doka ce a rubuce, don haka wanda ya juya yana ɗaukar kansa bidiyo yana gudu ya riga ya karya ta tun kafin ya bugi kowa.

Batun lasisi da shekaru shi ne inda mutane suka fi shan mamaki, saboda mai haya ya miƙo maka makulli ba yana nufin doka ta yarda ba. A Faransa sai kana da lasisin tuƙin jirgin shaƙatawa, wanda ba a bayarwa ƙasa da shekara 16, in ba ka da shi sai dai ka hau ƙarƙashin kulawar malami mai takarda yana biye da ku. A jihar Fulorida ta Amurka ɗan ƙasa da shekara 14 ba ya tuƙa babur ɗin ruwa sam, haya kuma sai ɗan 18, rigar ceto dole ce a jiki ba a rataye ba, igiyar nan da ke kashe inji idan ka faɗi dole a ɗaura ta a hannu ko a riga, kuma daga rabin awa bayan faɗuwar rana zuwa rabin awa kafin fitowarta babu hawa. Tuƙi cikin maye ma laifi ne a ruwa kamar yadda yake a titi.

Sai tutoci. Wallahi nan ne na fi ganin sakaci, mutane na ɗaukarsu ado. Tuta mai ja a sama rawaya a ƙasa, guda biyu a kafe nesa da juna, tsakaninsu ne masu ceto ke sa ido, nan ake so ka yi iyo. Rawaya zalla a yi hattara. Shunayya akwai halittun ruwa masu harbi. Mai ɗaki-ɗaki baƙi da fari wurin masu allon hawa igiyar ruwa ne da makamantansu, mai iyo ya matsa. Wata jaka mai ruwan lemo da iska ke hurawa a kan sanda kuma tana cewa iska na kaɗawa daga tudu zuwa teku, kar ka shiga da katifar roba ko balan-balan ɗin yara, don a hankali za ta tafi da kai ba ka ankara ba.

Ja ita ce mai rikitarwa, don ma'anarta ba ɗaya ba ce ko'ina. A Faransa da Sifaniya jar tuta ɗaya na nufin an hana wanka, shi ke nan. A Fulorida ja ɗaya na nufin haɗari mai yawa, ja biyu ɗaya bisa ɗaya shi ne an rufe ruwan, kuma a garin Panama City Beach wanda ya shiga bayan an ɗaga ja biyu ana iya cin sa tarar dala 500. Faransa ma sai a 2022 ta gyara nata tutocin, ta bar masu kusurwa uku ta koma masu kusurwa huɗu, ta sa rawaya a madadin mai ruwan lemo, don su yi kusa da abin da baƙi suka sani a wasu ƙasashen. Shi ya sa allon bayanin nan da ake kafawa a mashigar bakin ruwa ya cancanci minti biyunka.

Akwai tutar masu nutso ma, ja da farin layi a karkace, ko shuɗi da fari a jikin jirgi. Ma'anarta akwai mutum a ƙarƙashin ruwa kuma zai iya ɓullowa ko ina a kusa. A Fulorida ana so ka ba ta tazarar ƙafa 300 a buɗaɗɗen ruwa, kusan mita 90 ke nan, in dole ce ta sa ka matso to a mafi ƙarancin gudu.

Takardar da mai haya ke turo maka ka sa hannu a tsaye ana jiranka, ita ma ka karanta ta. Galibi a ciki ne za ka ga iyakar inda aka yarda ka je, da nawa za a cire daga kuɗin ajiyarka idan babur ya samu ƙwarzane, da ko inshorarsu ta ɗauki wanda ka buge ko jirginsu kawai ta sani. Inshorar tafiya da ka saya daga gida ma sau da yawa tana ware irin waɗannan wasannin sai ka biya ƙari, kuma idan aka gano ba ka da lasisin da ƙasar ta nema ko ka sha wani abu, za su iya ƙin biya gaba ɗaya. Kafin ka tayar da inji ka zagaya babur ɗin da wayarka ka ɗauki hoton duk wani tabo da ke jikinsa, mai hayar yana tsaye yana gani.