Saɓanin Tsararraki a Kan Tsofaffin Siffofin Batman

Batman jarumin almara ne da Bob Kane da Bill Finger suka ƙirƙiro a Amurka, ya kuma fara bayyana a fitowa ta 27 ta mujallar zane mai suna Detective Comics a shekarar 1939. Tun daga lokacin an sha sauya masa kama da hali a mujallu da talabijin da fina-finai, har ta kai masoyansa ba sa rabuwa da gardama a kan wanne ne Batman na gaskiya. Abin da ya fi fitowa fili a wannan gardama shi ne, kowace tsara tana mayar da siffar da ta buɗi ido da ita ma'auni, ta raina wadda ta gabace ta, sannan wata tsarar ta zo daga baya ta wanke wadda aka raina.

Babu siffar da ta sha wannan juyi kamar ta Adam West, wanda ya fito a shirin da tashar ABC ta nuna daga 1966 zuwa 1968, kashi 120 a zango uku. Shiri ne mai launuka masu ɗaukar ido da barkwanci da gangan: idan ana faɗa sai a rubuta ƙarar naushi da manyan baƙaƙe a fuskar talabijin, idan kuma Batman da mataimakinsa Robin za su hau bene da igiya, sai a kwantar da na'urar ɗaukar hoto gefe guda, su kuwa suna tafiya a sunkuye a kan ƙasa. Yaran wancan lokaci sun kalle shi da zuciya ɗaya a matsayin labarin jarumta, iyayensu kuma suna dariyar zolayar da ke ɓoye a ciki.

Ba a jima ba iska ta juya. A farkon shekarun 1970 marubuci Dennis O'Neil da mai zane Neal Adams suka mayar da jarumin cikin duhu da tsanani, sannan a 1986 Frank Miller ya fitar da The Dark Knight Returns, inda Batman ya zama dattijo mai zafin rai. Masu karatun da suka tashi da waɗannan mujallu sun ɗauki shirin West abin kunya, suna ganin shi ne ya sa jama'a ke yi wa labaran zane kallon kayan yara. Wannan tsoro ne ya sa, da aka sanar cewa Michael Keaton, wanda aka fi sani da fina-finan barkwanci, zai fito a matsayin Batman a fim ɗin Tim Burton na 1989, masoya suka aika wa kamfanin Warner Bros. dubban wasiƙun ƙorafi. Fim ɗin ya samu gagarumar karɓuwa, kuma ga waɗanda suka yi ƙuruciya a lokacin Keaton ne ya zama ma'aunin da ake auna kowa da shi. Irin wannan tarba ta ƙorafi tun kafin a ga fim ta sake samun Ben Affleck a 2013, ta kuma samu Robert Pattinson kafin fim ɗinsa na 2022.

Su ma fina-finan Burton ba su tsira ba. Matasan da suka fara da Christian Bale a fina-finai uku na Christopher Nolan, daga 2005 zuwa 2012, sukan ce Batman ɗin Keaton a sandare yake, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin rigar roba da ya sa ba ta barin wuyansa ya juya, sai dai ya juyo da gangar jikinsa gaba ɗaya idan zai waiwaya. Wanda ya kalli fim ɗin a 1989 yana ganin kwarjini a wannan juyi, ɗan baya kuwa gazawar kayan aiki yake gani. A gefe guda kuma akwai waɗanda ba su yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, su ne yaran da suka tashi da shirin zane mai motsi na 1992, waɗanda har gobe muryar Kevin Conroy ce Batman a kunnensu.

Wankin Adam West ya zo ne bayan duhun ya kai maƙura. A 2013 kamfanin DC, mai buga mujallun Batman, ya fara buga mujallar Batman '66 a kan salon tsohon shirin, a 2014 aka fitar da shirin kansa a faifai bayan doguwar taƙaddama a kan haƙƙin mallaka, da West ya rasu a watan Yunin 2017 kuma aka haska alamar jemage ta Batman a jikin ginin majalisar birnin Los Angeles don girmama shi. Masu kallo na baya-bayan nan ba su ɗauke da nauyin kare martabar labaran zane, saboda haka sun iya gane cewa barkwancin da niyya aka yi shi. Har fim ɗin Joel Schumacher na 1997, wanda George Clooney da ya fito a matsayin Batman a cikinsa ya sha neman afuwa a kansa, ya samu masu kare shi, ko da yake ba su taka kara sun karya ba.

Hujjar da kowane ɓangare ke rataya a kai ita ce komawa ga asali, alhali asalin ba ya goyon bayan kowa ɗari bisa ɗari. Batman na 1939 yana kisa, wani lokaci har da bindiga, abin da masoya na yau ke ɗauka babban saɓa ƙa'ida ne. Shekara guda bayan haka, a 1940, aka haɗa shi da yaro Robin aka sassauta labarin, kuma bayan kafa hukumar tace mujallun zane a 1954 ya shiga labaran baƙin halittu daga wasu duniyoyi, shekaru kafin West ya sa rigar.